Keken Kabon a Ƙurar Garam: Wankinsa, Gogarsa da Kare Shi

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Garam, Gbagyi da Hausawa da Fulani da duk wanda zama ya kawo, da maƙwabtansu na Sabon Wuse da Bwari, da na Suleja da Madalla da duk inda muryarmu ke kaiwa a ƙasar Tafa da kewaye.

Yau maganar keke za mu yi, amma ba keken da muka saba da shi ba. Yawancinmu da Rali da Phoenix da Hero muka buɗe ido. A ɗora wa keke buhun masara ko doya, a goya yaro a kan sanda, a shiga gona a fito. In ya karye a kai wa mai walda, in ya lanƙwashe a sa guduma a miƙar, in ya yi datti a jiƙa tsumma da kananzir a goge. Duk wannan daidai ne, domin ƙarfe ne, kuma ƙarfe yana jure wannan mu'amala.

To amma yanzu wani irin keke yana shigowa hannun matasanmu, jefi-jefi. Wani ya tsinto shi cikin kekunan gwanjo da ake kawowa daga Turai, wani ya saya a hannun masu tseren motsa jiki na Abuja da suka canza sabo. Za ka ɗaga shi da yatsu biyu ka yi mamaki. Wannan shi ne keken da aka yi firam ɗinsa, wato gangar jikinsa, da zaren kabon. Ba su da yawa a wajenmu, shi ya sa ma na ga ya dace a yi maganar tun yanzu, kafin ɗabi'un da muka koya a kan ƙarfe su hallaka 'yan kaɗan ɗin da suka iso.

Mu fara da sanin abin da ke hannunmu. Zaren kabon siriri ne ƙwarai, sai ka haɗa wajen goma kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Masu bincike a Amurka da Japan da Ingila ne suka gano hanyoyin yin sa tsakanin 1958 da 1963, kuma jiragen sama ne suka fara cin moriyarsa. A yau kusan rabin nauyin jirgin Boeing 787 irin waɗannan kayan haɗi ne. A harkar keke kuwa, a 1986 Ba'amurke Greg LeMond ya lashe babban tseren Faransa, Tour de France, a kan keke mai bututun kabon. A 1992 Chris Boardman na Birtaniya ya ci zinare a wasannin Olamfik na Basalona a kan wani keken kabon na kamfanin Lotus. Daga nan aka yi ta rage nauyi, har sai da hukumar tseren keke ta duniya ta kafa doka a shekarar 2000 cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8. Firam ɗin kaɗai, ba taya ba kai ba sirdi, yakan gaza kilo 1.

Yadda ake ƙera shi shi ne abin da nake so ku riƙe. Ana shimfiɗa dubban zare jere da jere, falle bisa falle, a jiƙa su da gam irin na ifoksi, dangin Araldite ɗin nan da muke saye a shago, sannan a sa a cikin ma'auni a gasa har ya daskare. Zaren shi ke ɗaukar nauyi, gam ɗin shi ke riƙe zaren a wurinsa. A kan wannan sai a fesa fenti, a bisa fentin kuma a fesa wani rufi garai-garai mara launi, irin wanda masu fentin mota ke gamawa da shi. Wannan rufi na sama shi ne ƙyallin da ido ke gani, kuma shi ne garkuwa. Hasken rana yana cin gam ɗin ifoksi sannu a hankali idan ya same shi tsirara, sai ya yi ruwan ɗorawa ya fara gari. Rufin saman ne ke tare wannan hasken. Saboda haka duk wanda ya ce yana goge keken kabon, rufin saman yake gogewa. Rufin nan kuwa bai fi kaurin takarda ba, kuma duk abin da aka kankare daga jikinsa ya tafi ke nan.

Me ya sa na damu da wannan har na keɓe masa shiri guda? Ku tuna abin da ya faru a wasannin Olamfik na Faris a 2024. Ese Ukpeseraye, wadda ita ce ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke a Olamfik, sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga gasar cikin fili da shi. A shekarar 2024 ɗin kuma Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France, ya ɗauki koriyar rigar da ake ba wanda ya fi maki. Muna da filin tseren keke a babban filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja tun wasannin Afirka na 2003, kuma daga Garam ba wata tafiya ce mai nisa ba. Ƙafa muna da ita, tuddai muna da su. Kayan aiki ne ke mana wuya. Sabon keken gasa na manya yakan kai dala 10,000. Idan Allah ya sa irinsa, ko da tsoho ne, ya faɗo hannun yaron Garam, abin takaici ne ya lalace cikin shekara guda saboda tsumma da kananzir.

(Kiɗa)

Mu zo ga wanki, domin a nan ake yin mafi yawan ɓarna.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana sauke mana ƙura, wadda iska ke kwaso mai yawa daga cikinta tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Ga kuma jar ƙasar hanyoyinmu na ƙauye. A ido gari ne mai laushi, amma a cikinsa akwai ƙwayoyin yashi da suka fi fentin keke tauri. Mutum ya fito da safe, ya ga ƙura ta lulluɓe keke, sai ya ɗauki busasshen tsumma ko gefen rigarsa ya share. Da wannan sharar ya dirje rufin sama da yashi. Ba zai gani a ranar ba. Bayan wata biyu sai ya tsaya a rana ya ga jikin keken ya cika da siraran zane zagaye-zagaye, ƙyallin ya dushe. Ku yi haƙuri da ƙurar har ku samu ruwa. Kada hannu ko ƙyalle ya taɓa firam sai an fara kwarara masa ruwa.

Ba ruwa mai yawa ake bukata ba, na san yadda ruwa yake tsada da rani. Bokiti biyu ƙanana da buta sun isa. A kai keken inuwa, a bari jikinsa ya huce. A fara da buta, a kwarara daga sama zuwa ƙasa, ruwan ya tafi da yashin. Bokiti na farko a sa masa sabulun wanke mota na ruwa, in babu a ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa kaɗan. Bokiti na biyu ruwa ne zalla. A tsoma soso mai laushi a na sabulu, a shafa, sannan a ɗauraye sosan a na ruwa zalla kafin a sake mayar da shi na sabulu. Dalilin bokiti biyun ke nan, don kada yashin da aka ɗebo ya sake komawa jikin keke. A fara daga sirdi da kai da sandar sama, a bar ƙasa da wajen sarƙa sai ƙarshe. Tsumman sarƙa daban, na jiki daban, kada su taɓa haɗuwa, domin baƙin man sarƙa cike yake da garin ƙarfe. In an gama a ɗauraye, a tsane da ƙyalle mai laushi, tsohuwar singileti ta auduga mai tsabta ma ta wadatar.

Garin sabulun wanki, a bar shi ga tufafi. Yana da kaifi, kuma ƙwayoyinsa da ba su narke ba suna karce. Soson ƙarfe da toka da yashin da ake dirje tukunya da su, ko kusa. Tina da maganin cire fenti da ruwan cire jan farce suna narkar da rufin sama, maganin cire fenti kuwa har gam ɗin yake kaiwa. Fetur da kananzir suna kwashe duk wani kaki da aka shafa, suna busar da robobi, suna malala cikin boris su narkar da giris. In sarƙa ce ta yi kauri da datti har ana son kananzir, a cire ta a wanke a cikin gwangwani, ta bushe, a mayar a sa mata mai.

Akwai kuma masu kai keke wajen wankin mota. Injin nan mai feshi da ƙarfi yana tura ruwa cikin boris na kai da na feda da na tayoyi, kuma in ya samu wurin da fenti ya ɗan ɓalle, sai ya ɗaga shi ya ƙara faɗaɗa. Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, lokacin da jan laka ke maƙalewa a ƙarƙashin firam, a jiƙa lakar ta yi laushi ta faɗi da kanta. Kada a bari ta bushe a kankare ta da itace.

Sai gumi. Wannan mutane ba su cika lura da shi ba. Kabon ba ya tsatsa, gaskiya ne. Amma a jikin firam akwai notuna da wasu sassa na alminiyam da na ƙarfe, kuma idan kabon ya haɗu da alminiyam, ruwan gishiri ya shiga tsakani, alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Gumin zafin Maris da ke ɗiga a kan kai da sandar sama ruwan gishiri ne. Shi ya sa za ka ga farin gari a gindin noti, ko sandar sirdi ta kafe ta ƙi fita. Duk ranar da aka yi doguwar tafiya, a ɗauraye wuraren nan da ruwa, a kuma riƙa zare sandar sirdi lokaci-lokaci a goge a mayar.

(Kiɗa)

Yanzu gogewa don ƙyalli. Kafin ka sayi komai, duba fentin kekenka. Akwai mai sheƙi, akwai kuma wanda da gangan aka yi shi dusu-dusu ba ya ɗaukar ido. In naka dusu-dusu ne, babu ruwanka da folish ko kaki. Da zarar ka dirje shi, wurin zai yi santsi ya fara ƙyalli shi kaɗai, dabbare-dabbare, kuma ba ya gyaruwa sai da sabon fenti. Wanki da tsanewa sun ishe shi.

Mai sheƙi kuwa, a bambanta abu biyu da masu sayar da kayan mota kan haɗa su a suna ɗaya. Folish yana ɗauke da gari mai laushi da ke cin saman rufin kaɗan don ya shafe zane. Kaki ba ya cin komai, shimfiɗa yake yi a kai ya zama kariya. Ni a ganina folish sau ɗaya a shekara ya isa, in ma akwai bukata, kuma mafi laushinsa za a nema, ba mai kaushin da ake tayar da tsohon fentin mota da shi ba. A ɗiga kaɗan a ƙyalle mai laushi, a gwada a ɓoyayyen wuri, ƙarƙashin firam, a ga yadda zai yi. A shafa da hannu, ba dannawa. Injin goge mota yana haifar da zafi, kuma a kan kusurwa yana cinye rufin nan take. In ka ga launin fenti ya fito a ƙyallenka, tsaya, ka riga ka wuce rufin sama. Samfefa kuwa ba ta da wurin zama a wannan aiki ko kaɗan. Karcen da farce ke maƙalewa a cikinsa, folish ba zai cire shi ba. A wanke wurin, a ɗiga masa farin jan farce mara launi ya toshe shi daga rana da ruwa, a bar shi haka.

Kaki shi ne abokin tafiyarmu a wannan ƙasa. Na mota, irin wanda ake yi da kakin ganyen wata bishiyar Barazil mai suna karnoba, ya yi daidai. A shafa siriri a inuwa, a bari ya ɗan yi fari, a share. Amfaninsa ya wuce ƙyalli. Ƙura ba ta kama jiki sosai, laka na saurin sauka, wanki na gaba zai ci ruwa kaɗan. A zafinmu ba ya daɗewa, don haka a sabunta shi duk bayan wata biyu ko uku, musamman a bakin hunturu da bakin damina. Gargaɗi ɗaya mai nauyi: kada kaki ko mai ko folish ya taɓa faifan birki, ko robar birki, ko gefen wilin da birki ke kamawa. Mai gangarowa daga tudu ya matsa birki ya ji santsi, wannan maganar rai ce.

Akwai wuraren da kaki ba ya isa ya kare. Ƙarƙashin babbar sandar gaba, inda tayar gaba ke watso tsakuwa. Sandar baya ta ɓangaren sarƙa, inda sarƙa ke dukanta a gargada. Wuyan keke, inda wayoyin birki da na giya ke gugar fenti duk juyin kai. Ana sayar da wata leda mai kauri garai-garai mai gam a bayanta, masu kayan ado na mota sun san ta. A goge wurin da sifirit na kemis, a yanka ledar a zagaye kusurwoyinta don kada ta ɗago, a manna. Wanda bai samu ba, ya yanka tsohon tub ya naɗe sandar sarƙa da shi. Ba shi da kyan gani, amma yana aiki, kuma na fi son in ga tub a naɗe da in ga zare a waje.

Ajiya kuma a ɗaki ko a rumfa. Kada a bar shi yini a rana a jingine da katanga, kada a kulle shi cikin mota da zafin rana, kada a ajiye shi kusa da murhu ko salansar janareta. Masu ɗaure keke a bayan mota su lura da inda hayaƙin salansa ke bugawa, yana iya lalata wilin kabon.

(Kiɗa)

Jama'a, duk wannan wanki da gogewa, babban amfaninsu shi ne su ba ka damar duba kekenka gaba da baya. Ƙarfe in ya gaji yana nuna alama, ya lanƙwashe, ya lotsa. Kabon ba ya lanƙwashewa. Yana iya samun rauni a ciki, falle ya rabu da falle, waje kuwa fes, sai ranar da zai karye gaba ɗaya. A wasu wurare kaurin bangon bututun bai kai milimita 1 ba. An yi shi ne ya ɗauki nauyin mahayi da ƙarfin feda, amma duka daga gefe ko matsi a wuri ɗaya yana cutar da shi.

Mu mutanen ƙasar Suleja, garin da Ladi Kwali ta yi suna a ginin tukwane har hotonta ya hau takardar naira 20, mun san yadda uwa ke sayen tulu a kasuwa. Ba ta yarda da kyan ido, sai ta ƙwanƙwasa ta saurara. Haka za ka yi wa firam ɗinka. Ɗauki kwabo, ka riƙa ƙwanƙwasawa a hankali kana tafiya tare da sandar. Lafiyayyen wuri yana ba da amo mai kaifi. Inda aka samu rauni, amon yakan mutu ya koma dum-dum. A wajen mahaɗa sautin yakan canza ko da lafiya, saboda kauri, don haka kwatanta dama da hagu. Bayan haka ka bi jikin da ƙyalle, in ya sarƙe a wani wuri, duba ko zare ne ya tashi. Haska tocila a karkace. Danna da babban yatsa inda kake zargi, in ya yi laushi ko ya yi ƙara, akwai matsala. A fi mai da hankali ga wuya, da cokalin gaba da ke riƙe taya, da gindin feda, da bakin ramin sirdi. Wannan gwaji ba ya kama kowane rauni, amma yana kama da yawa, kuma bayan kowace faɗuwa wajibi ne. Mai shirin sayen na gwanjo ma ya yi shi tun kafin ya biya, ya kuma yi hattara da sitika ko sabon fenti a wuri ɗaya tak.

Ina da roƙo ga iyayenmu da yayyenmu masu gyaran keke, waɗanda hannunsu ya riƙe kekunan garuruwan nan shekara da shekaru. A ƙarfe, ƙa'ida ita ce a ɗaure noti har sai ya ƙi motsi. A kabon wannan ɗaurin ne ke murƙushe bututu. Ku duba kusa da notin kai ko na sirdi, za ku ga an rubuta lamba, galibi 4 ko 5 ko 6, da haruffa Nm. Iyakar ƙarfin ɗaurin ke nan, kuma kaɗan ne ƙwarai. Akwai ɗan makulli na musamman da ke yin ƙas in an kai iyaka, ya kamata duk mai irin wannan keke ya mallake shi. In sirdi na zamewa, maganinsa wani man shafawa ne mai ɗan tsakuwa-tsakuwa da aka yi don kabon, ƙarin ɗauri fasa bututun zai yi. Kai kuma matashi, in ka kai gyara, ka yi bayani cikin ladabi. Ka ce, Baba, don Allah wannan ba ƙarfe ba ne, ba ya son guduma, ba ya son wuta, ba a matse shi a bais. Babu mai sana'ar da zai ƙi jin magana irin wannan.

Haka nan ba a goyo a kan sandarsa, ba a ɗaura masa kariya a loda kaya. In za a sa shi a mota zuwa Suleja ko Kaduna, kada a bari a ɗaure shi tamau da igiyar roba a saman but, a jibga masa buhu. A cire tayoyin, a naɗe firam da bargo, a biya masa kujera in ya kama.

In kuwa ka samu tsaga ta gaskiya, sauka daga keken daga ranar. Mai walda ba shi da abin yi a nan, wuta ƙone gam ɗin za ta yi. Shafa Araldite a kai rufe tsagar kawai yake yi daga ido, zaren da ya tsinke yana nan a tsinke. Firam ɗin kabon yana gyaruwa, amma a hannun wanda ya koyi aikin, wanda zai kankare wurin ya shimfiɗa sabon zare falle-falle ta fuskar da na asali ya bi. In tsagar a cokalin gaba take, ko a kai, wato inda hannu ke riƙewa, ko a sandar sirdi, waɗannan ba a gyara su, canza su ake yi.

Nan za mu dakata a yau.

(Kiɗan rufe shiri)